Injin Gahawa Mai Kafso: Abin Da Ya Kamata Mai Saye A Mafara, Bakura Da Maradun Ya Sani Kafin Ya Tura Kuɗi

Duk mai yawo a TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: a ɗaga murfin wani ɗan inji, a jefa wani ɗan ƙoƙo mai ƙyalli, a danna maɓalli, sai ga gahawa tana tsiyaya cikin kofi da kumfa a samanta. Minti ɗaya bai cika ba an gama. Abin yana da ban sha'awa, shi ya sa yanzu ake samun samari, da ma masu haɗa kayan kicin na amare, suna tambayar wanne ne ya fi kyau, kuma nawa ne.

Wannan tambayar ba ita ce ta farko ba. Wanda ya yi bidiyon yana zaune ne a Dubai ko Landan, inda wuta ba ta ƙiftawa, kuma shagon kafso yana ƙasan benensa. Wanda ke kallo a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, lissafinsa daban ne. Akwai abubuwa uku da za su yanke hukunci kafin a zo maganar launi ko sunan kamfani: kafson da injin ke ci, wutar da yake ja, da ruwan da za a zuba masa. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu zai iya wayar gari da inji mai tsada yana zaune a kan firji an lulluɓe shi da ƙyalle.

Yadda injin yake aiki

Kafso ɗan ƙaramin ƙoƙo ne na alminiyam ko roba, an cika shi da garin gahawa kamar giram 5 zuwa 6, an liƙe bakinsa ruf don kada iska ta shiga. Sunan dai shi ne na kafson magani, don shi ma abu ne aka ƙunshe a ɗan gida. A cikin injin kuwa manyan sassa uku ne. Akwai tankin ruwa a baya. Akwai famfo mai tura ruwan da ƙarfi. Akwai kuma wani dunƙulen ƙarfe mai siririyar hanya a cikinsa, wanda hita ke zafafawa, ruwa ya bi ta ciki ya fito da zafi cikin daƙiƙoƙi. Idan aka rufe murfi, injin ya huda kafson, famfo ya danna ruwan zafi ta cikin garin, gahawa ta fito ta ɗaya gefen.

Wani injiniyan kamfanin Nestlé mai suna Eric Favre ne ya ƙirƙiro tsarin a 1976, kamfanin kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Nespresso a 1986 a ƙasar Suwizalan. Manufarsa ita ce mutum ya samu irin gahawar Italiya mai kauri, wadda ake kira esfireso, ba tare da ya koyi sana'ar ba. Mutanen wannan yanki ba baƙin Italiyawa ba ne: kamfaninsu Impresit ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978, wadda gonakin Mafara da Bakura da Maradun ke sha daga gare ta.

Esfireso ba irin Nescafé ɗin mai shayi ba ce. Ta mai shayi an riga an dafa ta a masana'anta an busar, ruwan zafi kawai take jira ta narke. Ta kafso kuwa garin 'ya'yan gahawa ne da aka soya aka niƙa, a lokacin ake tatsar sa. Kuma kaɗan take fitowa. Esfireso ɗaya mililita 40 ce, wato kamar cokalin cin abinci uku, ba za ta rufe gindin kofin shayi ba. Wadda suke kira doguwa ma mililita 110 ce. Wanda ya saba da babban kofi cike da madara da sukari da rabin burodi a gefe, ya san wannan tun yanzu.

Kafso kafin inji

Wanda ya taɓa aiki a shagon buga takardu ya san labarin firinta: injin da araha, tawada ce ke cinye riba, kuma tawadar wannan ba ta shiga wancan. Haka kasuwar nan take, ba ƙari ba ragi. Kowane kamfani yana da nasa fasalin kafso. Idan mutum ya sayi inji, ya ɗaura aure ne da wannan fasalin.

Nespresso Original shi ne tsohon fasali, ɗan ƙarami mai kama da hular kwano. Babbar fa'idarsa ita ce wa'adin kariyar mallakar fasaharsa ya fara ƙarewa tun wajajen 2012, don haka wasu kamfanoni da yawa suna yin kafson da ke shiga injinsa. L'OR, da Lavazza, da illy, da Starbucks duk suna da nasu, ban da ƙananan kamfanoni masu araha. A yaren masu waya, wannan shi ne cajar USB-C ta harkar: idan wani ya ƙare a kasuwa, za a samu wani.

Nespresso Vertuo ya fito a 2014, kuma duk da suna ɗaya, kafsonsa ba ya shiga Original, na Original ma ba ya shiga nasa. Wannan kuskuren ya ci kuɗin mutane da yawa masu oda ta intanet. Vertuo ba ya dogara da matsin famfo. Juya kafson yake yi da gudu, har zuwa zagaye 7,000 a minti. A gefen kowane kafso akwai zanen lamba da injin ke karantawa don ya san yawan ruwa da zafin da zai ba shi. A matsayin fasaha abin burgewa ne, kuma yana cika babban kofi mai mililita 230. Amma wannan zanen lambar shi ne kwaɗon da aka kulle ƙofa da shi: kusan duk kafson Vertuo daga hannun Nestlé yake fitowa, kuma ya fi tsada. Ga mutumin da zai jira kaya daga Legas ko Abuja, wannan kulle ne da bai kamata ya sa kansa a ciki ba.

Nescafé Dolce Gusto ya zo a 2006. Kafsonsa ya fi girma, na roba ne, kuma bai tsaya ga baƙar gahawa ba. Akwai na madara, akwai na cakulan, akwai shayi mai madara, har ma yana fitar da ruwa mara zafi don abin sha mai sanyi. Ga gidan da ba kowa ke shan gahawa mai ɗaci ba, shi ya fi kusa da ɗanɗanon da aka saba. Sai dai akwai wani abu da talla ba ta cika faɗa ba. Kwalinsa yawanci kafso 16 ne, amma a irin su kafucino da latte makiyato, takwas na gahawa ne takwas na madara, ana haɗa biyu a kofi ɗaya. Kwali mai 16 kenan kofi takwas ne.

Keurig na Amurka ne, kuma za a zo kan dalilin da ya sa a bar shi a can. Tassimo, da Senseo, da Lavazza A Modo Mio injuna ne masu kyau a Turai, amma wanda ya ga ɗaya da araha a cikin kayan gwanjo ya fara nemo kafsonsa tukuna. Idan ya yi minti goma a Jumia da Konga da Jiji bai samu mai sayarwa biyu ko uku ba, ya samu amsarsa.

Akwai kuma injunan Sin, irin HiBREW, masu zuwa da kwasfa daban-daban: a sa wannan a yi Nespresso Original, a sa wancan a yi Dolce Gusto, a sa na uku a zuba garin gahawa kai tsaye. A tunani dai wannan shi ya fi dacewa da wurin da kaya ke yankewa. Abin dubawa shi ne ƙwarinsu ya bambanta daga wani zuwa wani, kuma kwasfar da ta ɓata ko ta tsage ba lallai a samu madadinta ba. Wanda zai saya ya ƙirga kwasfan a gaban mai kawowa.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne a yi kamar an riga an sayi injin. A buɗe waya a nemi kafsonsa, a sa adireshin gida na gaskiya, a ga ko za a kawo, da kuɗin kawowa, da kwana nawa. Wani mai sayarwa zai ce sai dai a karɓa a Gusau ko Sakkwato, wani kuma zai ba direba a tasha. Duk wanda ya san hanyoyin nan ya san ba kullum ake shiga mota don abin da bai zama dole ba. Saboda haka kafso abu ne da ake saye da yawa lokaci ɗaya, na wata biyu ko uku, kuma wannan ma kuɗi ne da za a ɗaure.

Lissafin da talla ba ta yi

Farashin kayan waje yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin jiya ba ya aiki yau. Don haka hanyar lissafi ta fi lamba amfani. A raba kuɗin kwali da yawan kofin da zai bayar, a haɗa da kuɗin kawowa, sannan a ninka da yawan shan gidan.

A ɗauka, don misali kawai, kafso ɗaya ya kama naira 1,000 bayan an haɗa komai. Mai shan kofi biyu a rana zai ci kafso 730 a shekara, naira 730,000 kenan. Idan da matarsa ko ƙaninsa, a ninka biyu. Ta wata fuskar kuma: tunda kafso giram 5 ne, sai an tara 200 kafin a samu kilo ɗaya, wato ana sayen kilon gahawa a kan naira 200,000. Mai karatu ya cire 1,000 ɗin ya sa farashin da ya gani yau, ya gwada da kuɗin kilon garin gahawa na leda. A kusan kowace kasuwa a duniya kafso ne hanya mafi tsada ta shan gahawa a gida. Sauƙi da sauri ake biya, ba gahawar kaɗai ba.

Akwai hanyar rage wannan. Ana sayar da kafson ƙarfe wanda ake buɗewa a cika da gari a sake amfani da shi, musamman na Nespresso Original da Dolce Gusto. Yana aiki, amma yana son haƙuri. Idan garin ya yi laushi da yawa ruwa ya ƙi wucewa, famfo ya yi ta gurnani. Idan ya yi tsakuwa-tsakuwa ruwa ya wuce kamar ba a tare shi ba, a samu ruwan bunu. Sai an lalata kofi biyar ko shida kafin hannu ya faɗa. Amfaninsa shi ne yana buɗe ƙofa ga gahawar gida, irin wadda ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kuma Filato.

Wuta: nan ne yawancin injuna ke mutuwa

Kafin komai, a juya injin a karanta takardar da ke manne a gindinsa, ko a ce mai sayarwa ya turo hotonta ta WhatsApp. Abu uku ake nema.

Na farko ƙarfin wuta. Wutar Najeriya 230V ce, 50Hz. Injin da aka rubuta wa 220–240V ya dace. Wanda aka rubuta wa 110V ko 120V na Amurka ne ko Kanada, kuma idan aka jona shi kai tsaye zai ƙone a take, tun kafin ya fitar da ɗigo ɗaya. Yawancin Keurig haka suke, kuma akwai Nespresso irin wannan da yawa a cikin kayan tokumbo. Wata 'yar adafta ta naira kaɗan ba ta canza ƙarfin wuta, bakin fulogi kawai take canzawa. Taransifomar da za ta iya ɗaukar inji mai jan wuta haka babba ce mai nauyi, kuma ba ta da araha. Kayan Ingila da na Dubai sun fi sauƙi, don wutarsu da fulogin su mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na nan. Wanda zai yi tsaraba daga Umara ya ƙara duba abu ɗaya: wutar Saudiyya 60Hz ce, don haka ya nemi wanda aka rubuta wa 50/60Hz, saboda famfon irin waɗannan injunan yana tafiya ne da bugun wutar.

Na biyu wat. Ƙananan injunan nan suna yaudarar ido. Essenza Mini ko Inissia ba su fi girman ƙaramin fulas ba, amma suna jan wajen wat 1,200 zuwa 1,300, wasu Dolce Gusto ma suna kai 1,500. Wannan ajin dutsen guga ne, ba ajin fanka ko talabijin ba. Dalili kuwa shi ne suna son zafafa ruwa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30.

A nan ne ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa: yawan wutar da inji ke ci, da ƙarfin da yake fizgarta. Inji mai wat 1,300 da ya yi aiki minti biyu ya ci 0.043 na yunit ɗaya. Wato yunit ɗaya na mita zai yi kofi sama da ashirin. Ta fuskar kuɗin wutar Kaduna Electric, wadda ke raba wuta a Zamfara, wannan ba abin damuwa ba ne. Matsalar tana wajen fizga. Ƙaramin janareta irin Tiger 950, wanda ake cajin waya da kunna fanka da shi, ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne. Ana danna maɓalli zai shaƙe ya mutu, ko ya saki wuta mara daidai da za ta iya taɓa allon injin. Ana buƙatar janareta mai 2.5kVA zuwa sama, kuma ba a lokacin da firiza ko injin jan ruwa ke kai ba.

Masu sola su ma su yi lissafi. Inbata mai 1.5kVA yawanci wat 1,200 take bayarwa, ba ta kai ba. Kuma idan batirin 12V ne, wat 1,300 na nufin za a ja sama da amfiya 100 daga batir lokaci guda. Kofi ɗaya bai kai kashi biyu cikin ɗari na batir mai 200Ah ba, amma wannan fizgar tana dumama waya, tana sa inbata kuka, kuma tana gajiyar da batirin ruwa da wuri. Tsarin 24V ko 48V mai inbata 2.5kVA zuwa sama, irin mai ba da wuta mai santsi kamar ta layi, shi ne zai ɗauka ba gardama. Mai sola ya fi kyau ya yi gahawarsa bayan rana ta ɗaga, lokacin da faifan ke taimaka wa batir.

Na uku kuwa ba a jikin takardar yake ba, a jikin unguwa yake. Inda wuta ke zuwa rabi, ƙwan fitila yana ja kamar garwashi, hita ba za ta kai zafi ba, injin ya yi ta ƙifta fitila ya ƙi aiki. Sitabilaiza za ta taimaka, amma ba ƙaramar nan ta talabijin mai 1000VA ba. A nemi 2000VA aƙalla, 3000VA ta fi kwanciyar hankali, don ƙarfin sitabilaiza yana raguwa idan wutar da ke shigo mata ta yi ƙasa sosai. A jona injin a soket ɗin bango mai amfiya 13, ba a siririyar wayar ƙari da ake cajin wayoyi biyar a kanta ba. Kuma a zare shi bayan an gama, don dawowar wuta da ƙarfi ita ce ke kashe allon na'ura.

Idan gidan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, har yanzu akwai mafita, kuma wataƙila ita ce ta fi dacewa da ɗalibin da ke ɗakin haya kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Kamfanin Wacaco yana yin wani ɗan inji na hannu, Minipresso NS, mai cin kafson Nespresso Original. Ba ya amfani da wuta ko batir. A tafasa ruwa a gas ko gawayi, a zuba, a yi ta matsa famfonsa da yatsu. Yana shiga jaka.

Ruwa

A leƙa cikin butar dafa ruwa ta gidan. Idan akwai farin ɓawo ya kama gindinta, ruwan gidan yana da gishirin ƙasa, kamar yadda ake yawan samu a ruwan rijiya da na burtsatse. A buta wannan ba komai ba ne, a kankare a ci gaba. A cikin injin gahawa kuwa hanyar ruwan siririya ce ƙwarai, kuma ɓawon yana taruwa ne inda zafi yake. Alamominsa su ne gahawa ta fara fitowa ɗigo-ɗigo, ko ta zo da ɗumi maimakon zafi, ko ƙarar famfo ta canza.

Ruwan 'yan ga-ruwa, ko wanda aka ɗebo daga magudanan Bakolori, yana iya zuwa da laka ko yashi, kuma famfo ba ya jure wannan ko kaɗan. Mafi sauƙi shi ne ruwan leda ko na gora daga kamfanin da aka yarda da shi. Tankin ƙananan injuna lita 0.6 zuwa 0.8 ne, leda ɗaya ko biyu ta isa yini. Kada a bar ruwa ya kwana biyu a tanki a lokacin bazara. Zafin Afirilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, ruwa ya yi wari, tanki ya yi yauƙi.

Ko da ruwa mai kyau, sai an riƙa wanke cikin injin da maganin narkar da ɓawo duk wata uku zuwa shida, gwargwadon aiki da irin ruwa. A sayi maganin tare da injin tun farko, don ranar da aka buƙace shi ba za a same shi a kasuwar Talata ba. Nespresso ya hana amfani da ruwan binega, saboda yana iya lalata sassan ciki. Da hunturu kuma a rufe injin da ƙyalle, don ƙura tana shiga tanki da wurin kafso.

Abubuwan da ba su kai yadda ake zuzuta su ba

Lambar matsi, wadda ake rubutawa 15 bar ko 19 bar ko 20 bar a jikin kwali, tana aiki ne kamar megafiksel na kyamarar waya. Esfireso na gaskiya wajen bar 9 yake buƙata. Nespresso Original 19 ne, Dolce Gusto 15 ne, dukansu sun wuce abin da ake nema. Injin da ba a san kamfaninsa ba da ya rubuta 20 bai fi su komai ba.

Bluetooth da Wi-Fi ma haka. Nespresso ya fara sa Bluetooth a injin Prodigio a 2016, Vertuo Next kuma yana da duka biyun. Amma manhaja ba za ta sa kafso a inji ba, ba za ta ajiye kofi a ƙasa ba, sai mutum ya tashi. Kuma wanda ya ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin na'urar da ke aiki ba tare da ta nemi intanet ba.

Sunan da ke jikin injin shi ma kada ya rikita kowa. Za a ga Essenza Mini an rubuta Krups, wani an rubuta De'Longhi ko Magimix ko Breville. Waɗannan abokan aikin Nespresso ne, kafson ɗaya ne, gahawar ma ɗaya ce.

Injuna masu tankin madara a jiki, irin Lattissima, suna da kyau a ido. Sai dai madarar tana son firji mai wuta kullum, bututun kuma yana son wanki duk bayan amfani, in ba haka ba ya yi tsami. Inda Peak da Cowbell na gari ne abin yau da gobe, ƙaramin maburgi mai batir zai tayar da kumfa a madarar da aka dama da ruwan ɗumi, a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Abin da ya kamata a duba maimakon waɗannan shi ne ko injin yana tsayawa da kansa. Dolce Gusto Piccolo na hannu ne, mutum ne zai tura sanda ya tsayar da ruwa, idan ya juya baya kofi ya cika da ruwa-ruwa. Genio kuwa ana saita masa yawan ruwa ya tsaya. Sannan a duba ko kofin gidan zai shiga ƙarƙashin bakin injin.

Sabo ko tokumbo

Tokumbo yana da araha, kuma waɗannan injunan suna da ƙarko idan an kula da su. Amma ba a sayen sa ba gwaji. A zuba ruwa, a kunna, a ga ya yi zafi cikin ƙasa da minti ɗaya. A fitar da ruwa zalla sau biyu, a ɗaga injin a duba ko ƙasansa ya jiƙe. Sannan a gwada da kafso na gaskiya, don yoyo da yawa ba ya bayyana sai an samu matsi. Idan ruwa yana zuba cikin akwatin tsofaffin kafso maimakon kofi, robar da ke riƙe bakin kafson ta gaji. Idan mai kaya yana nesa, a ce ya yi bidiyon duk wannan ba yankewa, ya nuna takardar gindin injin a cikin bidiyon. Wanda ya ƙi, ko ya matsa a tura kuɗi duka kafin a ga kaya, a bar masa abinsa.

A sabo kuma, a tambayi inda garanti yake aiki. Garantin da sai an mayar da inji Dubai ba garanti ba ne. Mai gyaran dutsen guga ko rediyo na gari zai iya canza fiyus ko waya, amma famfo da allon na'ura sai an yi odarsu.

Kafso ma yana da nasa binciken. A duba kwanan watan da ke jikin kwali, a ƙi wanda ya lotse ko ya huje. Idan akwai zaɓi, na alminiyam ya fi riƙe ƙamshi a wuri mai zafi. A ajiye shi a inuwa, ba kusa da murhu ko jikin taga ba. Bayan amfani ana iya farke shi a zuba garin a gindin shuka, a tara alminiyam ɗin a ba 'yan gwangwan.

Maganar lafiya a taƙaice

Kafson esfireso ɗaya yana ɗauke da sinadarin kafeyin wajen miligiram 60, manyan kafso sun fi haka. Hukumomin lafiyar abinci na Turai da Amurka sun sa miligiram 400 a rana a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma ana ba ta shawarar kada ta wuce 200. Goro, da shayi, da lemukan ƙara kuzari duk suna da wannan sinadarin, kuma jiki haɗa su yake yi ya ƙirga. Sinadarin yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka kofin bayan la'asar yana iya hana barcin dare. Wanda ya saba sha kullum ya fara ragewa mako ɗaya ko biyu kafin azumi, in ba haka ba ciwon kai ne zai tarbe shi a kwanakin farko. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tambayi likitansa tukuna.

To wanne za a ɗauka

Ga mai son baƙar gahawa mai ƙarfi, wanda gidansa ke da wutar da za ta ɗauka, ƙaramin Nespresso Original mai 220–240V, irin Essenza Mini ko Inissia, shi ne zaɓin da ya fi aminci, don kafsonsa ne ya fi yawan masu yi. Ga gida mai mata da yara da baƙi, inda madara da cakulan suka fi tafiya, Dolce Gusto ne, da sharaɗin an yi lissafin kofi takwas a kwali. Vertuo da Keurig a bar wa mutanen da shagon kafso ke bayan gidansu. Wanda kuma lissafin shekara ya tayar masa da hankali, akwai tukunyar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933: ta alminiyam ce, ana ɗora ta a kan gas ko kurfoti, tana cin garin gahawa na leda, ba ta da allon da wuta za ta ƙona.

Ranar da injin ya iso, kada a fara da kafso. A wanke tanki, a cika shi da ruwa mai kyau, a sa kwano a ƙasa, a danna babban maɓalli sau uku ruwa zalla ya wuce ya wanke hanyar. Idan famfo yana ƙara amma ruwa bai fito ba, yawanci iska ce ta maƙale a bututu saboda doguwar tafiya. A ɗaga murfin, a tabbatar tanki ya zauna daidai, a sake dannawa. A ajiye kwalin da rasit na aƙalla wata ɗaya, don idan da matsala daga masana'anta, a makonnin farko take fitowa.